Me Ya Sa Bature Ke Yabo da Kalmomin Tsoro?

Idan malaminka Bature ya duba aikinka ya ce “terrific”, kada gabanka ya faɗi, yabonka ya yi. Amma idan “terrible” ya ce, to akwai gyara. Abin mamakin shi ne, kalmomin biyu uwarsu ɗaya: sun fito ne daga kalmar Latin “terrere”, wato tsoratarwa. To yaya aka yi ɗaya ta zama yabo, ɗaya ta zama kushe?

A ƙarni na 17, “terrific” na nufin abu mai firgitarwa, kuma a haka mawaƙin Ingila John Milton ya yi amfani da ita a 1667. Daga baya mutane suka riƙa faɗinta a kan duk abin da ya yi girma ko ƙarfi fiye da kima, kamar gudu ko ƙara. Sannu a hankali tsoron ya zube, girman ya rage. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 ta fara nufin “madalla”.

Haka labarin “awesome” yake. Tushenta “awe” ne, irin tsoron da ke haɗe da girmamawa, kamar wanda ke kama mutum idan aka yi tsawa. Yau kuwa a Amurka ko shayi ka miƙa wa mutum sai ya ce maka “awesome”. ’Yar uwarta “awful” ita kuma ta bi wata hanyar, ta koma nufin mummunan abu.

Wasu kalmomin daga rashin gaskatawa suka taso. “Fabulous” daga “fabula” take, wato tatsuniya. “Fantastic” a da tana nufin abin da babu shi sai a tunani. “Incredible” kuwa asalinta abin da hankali ba zai ɗauka ba. Ka ga kenan, mai yabon cewa yake yi kyawun abin ya wuce misali.

Kada ka ɗauka Turawa ne kaɗai ke wannan. Kai ma kana cewa “masifar kyau”, “bala’in daɗi” ko “mugun gwani”, alhali ba masifa ba bala’i a wurin. Abin da mai magana ke nema a kalmar shi ne ƙarfinta, kuma kalmomin tsoro sun fi kowaɗanne ƙarfi.

Sai dai ƙarfin ba ya ɗorewa. Kalma kamar atamfa take, yawan wanki na sa ta koɗe. Idan kowa na kiran komai “wonderful”, sai ta daina burgewa, matasa su nemo sabuwa. Shi ya sa za ka ji “wicked” da “sick”, wato mugu da marar lafiya, sun zama yabo a bakinsu.

Ana ma iya auna wannan sauyi da alƙaluma. Masu bincike na Jami’ar Lancaster da Maɗaba’ar Jami’ar Cambridge sun tattara hirarrakin yau da kullum na mutanen Birtaniya, suka kwatanta da na farkon shekarun 1990. Sakamakon farko da suka fitar a 2014 ya nuna “marvellous” ta faɗo daga sau 155 a cikin kowaɗanne kalmomi miliyan ɗaya zuwa sau 2 kacal, ita kuwa “awesome” ta kai sau 72.

To wacce za ka ɗauka? Ka duba wurin tukuna. A takardar neman aiki ko wasiƙar shaidar ɗalibi, “excellent” da “outstanding” sun fi dacewa, domin “awesome” ta hira ce. “Brilliant” ta fi yawo a bakin ’yan Birtaniya. Sannan waɗannan kalmomi sun riga sun kai ƙololuwa, don haka ba kasafai ake sa musu “very” ba. Maimakon “very fantastic”, ka ce “absolutely fantastic”, ko ka bar kalmar ita kaɗai, ta wadatar.