Asirin Gwamnati: Wanne Ne Na Ƙasa, Wanne Ne Na Mai Riƙe Da Kujera?

RAN 4 ga watan Yuli na shekarar 1984, wata kotun musamman da ke zama a Ikko, ƙarƙashin shugabancin Mai Shari'a Olalere Ayinde, ta yanke wa waɗansu ma'aikatan jaridar The Guardian guda biyu hukuncin ɗaurin shekara ɗaya kowannensu, ta kuma ci kamfanin jaridar tarar Naira 50,000. Mutanen biyu su ne Tunde Thompson, babban wakilin jaridar kan harkokin jakadanci, da Nduka Irabor, mataimakin editan labarai. Abin da ya kai su gaban shari'a shi ne waɗansu labarai uku da jaridar ta buga tsakanin ƙarshen Maris da farkon Afrilu na wannan shekara. Na farko ya ce za a rufe ofisoshin jakadancin Nijeriya goma sha ɗaya a ƙasashen waje, na biyu ya ce ana shirin naɗa waɗansu manyan hafsoshin soja jakadu, na ukun kuwa ya ce Manjo-Janar I.B.M. Haruna ne zai tafi London a maimakon Manjo-Janar Halidu Hananiya.

Daga baya Hananiya ne ya tafi London, watau labari na uku bai tabbata ba. Amma Thompson ya sha faɗi bayan fitowarsa cewa abin da jami'an tsaro suka fi matsa masa a kai shi ne ya faɗi sunan wanda ya ba shi labarin, shi kuwa ya ƙi. Ba a neman tushen labarin da aka san ƙagagge ne. Ashe abin da ya ɓata wa Gwamnatin Mulkin Soja ta Manjo-Janar Muhammadu Buhari rai shi ne maganar da aka yi a ɗaki ta fita waje kafin lokacinta.

Adalci ne a faɗi cewa gwamnatin tana da hujja. Bisa ga yarjejeniyar Vienna ta 1961 wadda ta tsara hulɗar jakadanci tsakanin ƙasashe, ba a tura jakada sai an aika da sunansa a asirce ga ƙasar da zai je, ta ce ta amince. In ta ƙi kuwa, ba dole ba ne ta faɗi dalili. Idan jarida ta riga ta shelanta sunan mutum sannan waccan ƙasa ta ƙi shi, an kunyata mutumin, an kunyata ƙasarsa, an kuma sa mai masaukin cikin tsaka mai wuya. Wannan asiri ne mai dalili. Sai dai asiri ne na 'yan makonni, domin ranar da jakadan ya miƙa takardunsa ya zama labarin da kowa ya sani. A kan irin wannan ne aka ɗaure mutum biyu shekara guda.

Dokar da aka yi amfani da ita, watau Dokar Soja mai lamba 4 ta 1984, ba ta tsaya kan labarin ƙarya kaɗai ba. Ta haramta buga duk abin da zai jawo wa gwamnati ko jami'inta ba'a ko zubar da mutunci, kuma sanin kowa ne gaskiya ta fi ƙarya iya zubar da mutuncin mai laifi. Alƙali ɗaya ne da hafsoshin soja uku ke zaman shari'ar, kuma babu ɗaukaka ƙara. Ko da yake fitaccen lauya Cif Rotimi Williams ne ya tsaya wa 'yan jaridar, ƙwarewarsa ba ta hana hukunci ba. Janar Ibrahim Babangida ya soke dokar a jawabinsa na karɓar mulki ran 27 ga Agusta, 1985.

Gadon Turawa

Soke Doka ta 4 bai taɓa saiwar al'amarin ba. Saiwar tana cikin Dokar Asirin Gwamnati ta 1962, wadda aka gina bisa tsarin da Turawan Ingila suka bari, kuma har yanzu ba a soke ta ba. Dokar ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 14 ga wanda ya fitar da bayanin da gwamnati ta killace, in fitar da shi zai cutar da tsaron Nijeriya. A rubuce sharaɗin yana da kyau. A aikace kuwa, wanda ke riƙe da hatimi shi ke yanke hukuncin abin da ya zama asiri, ma'aikaci kuma tun shigarsa aiki an rantsar da shi kan kame baki. Da haka aka taso da akawu da masinja da Babban Sakatare waɗanda suka yi imani cewa fayil ɗin ofis, ko da na kwangilar gyaran rufin makaranta ne, bai halatta talaka ya san abin da ke ciki ba.

Al'adar Bahaushe ma tana taimaka wa wannan tunani ba tare da an lura ba. Rufin asiri abu ne da ake roƙon Allah a kansa, mai tona asirin wani kuwa ba a ganinsa da daraja, shi ya sa ake cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma asirin da ake roƙon Allah ya rufa na magidanci ne da iyalinsa. Wanda aka damƙa wa dukiyar marayu ba shi da ikon cewa lissafinta asirinsa ne, kuma baitulmali ya fi kama da dukiyar marayu fiye da aljihun magidanci.

A wajen kuɗi ne asiri ya fi yi wa ƙasar nan ɓarna. A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa kwamiti a ƙarƙashin masanin tattalin arziki Dokta Pius Okigbo domin duba ayyukan Babban Bankin Nijeriya. Kwamitin ya gano cewa tsakanin 1988 da 1994 an zuba kimanin dala biliyan 12.4, har da rarar kuɗin man fetur da aka samu lokacin Yaƙin Tekun Fasha, cikin waɗansu asusun musamman da ba su bi ta kasafin kuɗin ƙasa ba, kuma kusan duka an kashe su. Janar Babangida ya sha faɗin cewa rahoton bai kama shi da laifi ba. Hanya mafi sauƙi ta raba gardama ita ce a buga rahoton kowa ya karanta, amma babu gwamnatin da ta buga shi a hukumance. Haka nan rahoton kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa kan take haƙƙin ɗan Adam, wanda aka miƙa a 2002, ƙungiyoyi masu zaman kansu ne suka fitar da shi a 2005.

Kalmar tsaro ita ce babban bargon da ake lulluɓa irin waɗannan kuɗaɗe da shi. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa kuɗin tsaro da ake ware wa gwamnoni da sauran shugabanni, waɗanda ba a bin diddigin yadda aka kashe su, sun kai dala miliyan 670 a kowace shekara. Kafin nan, a ƙarshen 2015, an tuhumi tsohon mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, Kanar Sambo Dasuki, dangane da dala biliyan 2.1 da aka ce na sayen makamai ne, tuhumar da ya musanta. Ko ma yaya shari'ar ta ƙare, abu ɗaya ya fito fili: kuɗi masu wannan yawa suna iya fita daga baitulmali a shekarun da sojoji ke kukan ƙarancin makamai a Barno, ba tare da jama'a sun ji ko motsinsu ba. Ɓoye irin bindigar da aka saya yana iya kare soja a fagen fama. Ɓoye ko an saye ta ko ba a saya ba, ɓarawo kaɗai yake karewa.

Dokar 2011

Tun 1993 ƙungiyar Media Rights Agenda, da ƙungiyar Civil Liberties Organisation, da Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya suka fara tsara daftarin dokar da za ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayani daga hukuma. Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, cikin 'yan Majalisar Wakilai da suka gabatar da daftarin har da Nduka Irabor, wanda aka ɗaure a 1984. Majalisa ta zartar da shi a 2007, Shugaba Olusegun Obasanjo ya sauka bai sa hannu ba, aka koma farko. Sai ran 28 ga Mayu, 2011, Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba hannu a kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai, shekara goma sha takwas bayan fara tafiyar.

Ya kamata mai karatu ya san abin da dokar ta ba shi, domin da yawa sun ɗauka ta 'yan jarida ce kawai. Kowane mutum yana da ikon neman bayani daga ma'aikata ko hukumar gwamnati, kuma ba sai ya faɗi abin da zai yi da shi ba. Wanda bai iya rubutu ba yana iya aika wakili, ko ya faɗa da baki jami'in ya rubuta masa. Hukuma tana da kwana bakwai ta ba da amsa. In ta ƙi, tilas ta rubuta dalilinta da sashen dokar da ta dogara da shi, mai nema kuma yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu. Wanda aka samu da hana bayani ba bisa ƙa'ida ba zai biya tarar Naira 500,000, wanda ya lalata takarda ko ya sauya abin da ke cikinta kuwa ɗaurin shekara ɗaya ne mafi ƙaranci.

Dokar ba ta ce a buɗe kome ba. Ta yarda a hana bayanin da zai cutar da tsaron ƙasa ko hulɗa da ƙasashen waje, da wanda zai ɓata binciken masu laifi, da sirrin rayuwar mutum. Abin da ta sauya shi ne mai yanke hukunci. Hatimin asiri a bayan fayil bai isa hujja ba. Hukumar ce za ta tabbatar wa alƙali cewa tana da dalili, alƙali kuma yana da ikon duba takardar da idonsa, ya auna cutarwar da amfanin jama'a. A 1984 wanda ake zargi ne ke fafutukar wanke kansa, a dokar 2011 kuwa nauyin kawo hujja ya koma kan mai ɓoyewa.

Amma doka a takarda ba ta sauya hali a rana ɗaya. Ran Lahadi 6 ga Janairu, 2019, jaridar Daily Trust ta buga labarin shirin da sojoji ke yi na kwato garin Baga daga hannun 'yan Boko Haram. A ranar sojoji suka mamaye ofisoshin jaridar a Maiduguri da Abuja, suka tafi da ma'aikata da kwamfutoci, suna cewa an fallasa asirin yaƙi, an kuma saɓa wa dokar 1962. Da dare fadar Shugaban Ƙasa ta umarce su da su janye. Wannan ya fi shari'ar 1984 wuyar yanke hukunci, domin shirin kai farmaki shi ne ainihin irin asirin da rayuka suka rataya a kansa, kuma duk editan da ke da irin wannan labari a hannu wajibi ne ya yi tunanin yaran da za su shiga dajin. Duk da haka rundunar soja ta zama ita ce mai ƙara, ita ce ɗan sanda, ita ce alƙali. Da ta kai maganar kotu, da an tantance ko labarin ya ƙunshi abin da abokan gaba ba su riga sun sani ba, da editocin gobe sun san inda iyaka take.

Jihohi da dama kuma sun shafe shekaru suna cewa dokar ta Tarayya ce, ba ta hau kansu ba. A watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofa, cikin wata ƙara da ta taso daga Jihar Edo, inda ta yanke cewa dokar ta shafi jihohi ma. Wannan hukunci ya fi muhimmanci ga mutumin karkara, domin kuɗin asibitin garinsu da takin zamani da rijiyar burtsatse suna bi ta hannun jiha da ƙaramar hukuma ne.

Saura batun wa'adi. Ko asirin da ya fi kowanne cancanta yana tsufa. Ingila, wadda Nijeriya ta gaji tsarinta, ta daɗe tana buɗe takardun gwamnati bayan shekara 30, daga 2013 kuma ta fara rage wa'adin zuwa shekara 20. Nijeriya ma tana da irin wannan tanadi a Dokar Adana Takardun Tarihi ta 1992, wadda ta ce a buɗe wa jama'a takardun da suka kai shekara 25, sai dai ta bar wa shugaban ofishin da takardun suka fito ikon tsawaita wa'adin, kuma ba ta aiki sai a kan abin da aka riga aka kai ma'adana. Bisa wannan lissafi, takardun naɗin jakadun 1984 sun isa buɗewa tun 2009, rahoton Okigbo kuwa tun 2019. Ɗalibin da ya je ma'adanar takardun tarihi ta Kaduna zai tarar da wasiƙun Razdan da Di'o na zamanin Gwamna Lugga, har da waɗanda Turawa suka ɗauka asiri ne a lokacinsu, ya zauna ya karanta. Galibin abin da ke jibge a can na zamanin mulkin mallaka ne.