Kamfanin ya yi gaba, 'yan gem na Goron Dutse sun tsaya a baya

Duk wanda ya ratsa lungunan da ke gindin Goron Dutse da la'asar zai ji ihun samari daga wani ƙaramin shago: talabijin biyu ko uku, benci, janareta na ruri a waje. Gidan gem ke nan. Shekara da shekaru, wasan da ya yi sarauta a irin waɗannan shaguna na Kano shi ne ƙwallon PES na kamfanin Konami da ke Japan, wanda ya fara fitowa da wannan suna a 2001. Har yau akwai magidanta da in aka ambaci PES 6 na 2006 sai ka ga sun gyara zama.

Sai ranar 30 ga Satumba, 2021, Konami ya saki wasan da sabon suna, eFootball 2022, ya ce kowa ya sauke kyauta. Kyautar ce ta zama abin faɗa. Fuskokin Messi da Ronaldo sun fito a karkace, 'yan wasa na gudu hannuwa a baya, 'yan kallo kuwa ba su da siffar mutane. A Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, waɗanda suka yaba masa a kwanakin farko ba su kai ɗaya cikin goma ba. Kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, amma cikakken gyara bai iso ba sai Afrilun 2022.

Munin hoto ba shi ne babban ciwon mai gidan gem ba. An gina sabon wasan ne domin mai bugawa ta intanet da wani baƙo a wata ƙasa, yana sayen 'yan wasa da kuɗi a cikin wasan. A nan kuwa mutum biyu ne kafaɗa da kafaɗa, wanda aka ci ya tashi, wani lokacin ma shi zai biya. Ga irin wannan bugu, ƙungiyoyi tara kacal aka saki da farko. Akwai Barcelona, Arsenal da Manchester United, amma babu Real Madrid, babu Chelsea. A garin da musun Madrid da Barca ke raba majalisa gida biyu, wannan kaɗai ya isa a juya wa wasa baya. An kuma cire Master League, inda mutum ke ɗaukar ƙungiya tun tana tsumma ya raine ta kaka bayan kaka.

Ba 'yan ƙwallo kaɗai ke wannan kuka ba. Masu son wasannin takobi da matsafa da dodanni, inda mutum ke shiga rigar jarumi yana yanke wa labari hukunci, sun ɗanɗana nasu. Dragon Age na kamfanin BioWare ya fito a 2009, kuma abin da ya sa aka so shi shi ne wanda ka kashe ko ka ceta a kashi na ɗaya zai biyo ka zuwa na gaba. Da kashi na huɗu, The Veilguard, ya fito a Oktoban 2024 bayan jiran shekara goma, sai aka tarar 'yan ƙalilan ne cikin tsofaffin hukunce-hukuncen suka tsallako. A Janairun 2025 kamfanin EA, mamallakin BioWare, ya ce kimanin mutum miliyan 1.5 suka buga shi, kusan rabin abin da ya yi tsammani.

Kuskuren ɗaya ne: an tafi neman sabbin masu saye, an manta da abin da ya riƙe na da.

Sai dai samarin Kano ba su tsaya rubuta ƙorafi ba. Wasu sun koma wasan ƙwallon FIFA, wanda shi ma ya zama EA Sports FC a 2023. Wasu kuma sun zauna kan tsohon PES, masu gyara na ɗora masa sabbin riguna da sabbin 'yan wasa. Shi ya sa za ka ga Mbappe sanye da farar rigar Madrid, wadda ya koma a 2024, a cikin wasan da aka ƙera tun yana yaro, a kan tsohuwar PlayStation 2 ko a wayar hannu.