Bayi da Shari'ar Laifuka a Birnin Niyok: Nazarin Shari'ar 1741

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna yadda tsarin shari'a da kansa ya haifar da hujjojin da aka dogara da su wajen kashe bayi a birnin Niyok cikin 1741, lokacin da birnin yake ƙarƙashin mulkin Ingila.

Matsayin Bawa a Gaban Doka

A wannan zamani mazauna birnin sun kai kimanin 10,000, kuma kusan ɗaya daga cikin biyar bayi ne baƙar fata. Doka ta hana bayi fiye da uku taruwa ba da iznin iyayengijinsu ba. Har wa yau, kotu tana karɓar shaidar bawa a kan bawa, amma ba ta karɓarta a kan Bature. Boren 1712, wanda Turawa tara suka halaka a cikinsa, ya bar tsoro a zukatan masu bayi, sa'an nan yaƙin da Ingila ta shiga da Sifen a 1739 ya ƙara musu zargi.

Yadda Shari'ar ta Gudana

Ranar 18 ga Maris 1741 gobara ta cinye gidan gwamna a sansanin Fort George, wasu gobarar kuma suka biyo baya. Hukuma ta yi alkawarin fam 100 ga Baturen da ya tona asiri, bawa kuwa a ba shi 'yanci. Mary Burton, wata yarinya 'yar shekara 16 mai barantaka a mashayar John Hughson, ta ce a gidan ne aka ƙulla makircin ƙone birnin. Lauyoyin garin suka taru a ɓangaren masu ƙara, bayin da ake tuhuma ba su da mai kare su.

Abin lura a nan shi ne, hanyar tsira ɗaya ce ta rage wa wanda aka kama, watau ya amsa laifi, ya kuma ambaci sunayen wasu. Saboda haka kowace amsa sai ta jawo sabon kamu, sabon kamu kuma ya jawo wata amsa, alƙalai kuwa suna ɗaukar yawan amsoshin a matsayin tabbacin makircin. Ranar 30 ga Mayu bayi biyu, Quack da Cuffee, sun amsa laifi suna ɗaure a kan itacen ƙuna don neman sassauci, amma saboda tsoron taron 'yan kallo aka ƙone su duk da haka.

A ƙarshe an ƙone baƙar fata 13, an rataye 17 da Turawa 4, an kuma kori fiye da 70 daga ƙasar. Kamun ya lafa ne bayan Mary Burton ta fara ambatar manyan gari.

Kammalawa

Babban abin da masana tarihi suke dogara da shi a yau shi ne littafin da Daniel Horsmanden, ɗaya daga cikin alƙalan, ya buga a 1744 don kare hukuncin. Don haka ya wajaba mai nazari ya karanta kowace amsa a ciki yana tuna halin da aka yi ta: wanda ya faɗe ta yana ganin wuta a gabansa, wanda ya rubuta ta kuma shi ne ya yanke hukuncin.