Cin rani a Phoenix: Kwana 31 rana ba ta sassauta mana ba

Mutanen Phoenix, babban birnin jihar Arizona a Amurka, ba baƙin zafi ba ne. Garin a cikin hamadar Sonora yake, kuma tun ranar 26 ga Yunin 1990 ma'auni ya taɓa kaiwa digiri 50 na Salshiyas a nan. Duk da haka, abin da muka gani a 2023 ya fi ƙarfin sabo. Daga 30 ga Yuni zuwa 30 ga Yuli, kwana 31 a jere, kullum sai zafi ya kai digiri 43 ko ya zarce, wato 110 a ma'aunin Farenhait da 'yan ƙasar ke aiki da shi. Kafin nan, mafi tsawon da aka taɓa yi kwana 18 ne, a 1974.

Wanda ya tashi a Sakkwato ko Agadas zai ce, to mene ne sabo a ciki? Ni ma na san bazara, amma bambancin a dare yake. A gida, in rana ta faɗi sai a yayyafa ruwa a tsakar gida, a shimfiɗa tabarma, kafin asuba ƙasa ta huce. Nan kuwa kwalta da siminti ne ko'ina, su sha rana yini guda, dare ya yi su amayar da ita. Ranar 19 ga Yuli, mafi sauƙin da aka samu, da sassafe ke nan, digiri 36 ne. Ka fito sallar asuba, iska ta doke ka kamar an buɗe tandar burodi.

Masana yanayi sun ce wata iska mai nauyi ce ta kafe a saman kudu maso yammacin Amurka, ta danne zafin kamar murfin tukunya, ta kuma tare ruwan da aka saba samu a watan Yuli.

Dole rayuwa ta juya. Cefane na koma yinsa bayan isha'i. Tawul ba ya barin motata, don sitiyari da ƙarfen bel suna iya sale wa mutum fata. Ɗaliban jami'a da ke Tempe, waɗanda ba su da mota, su na fi tausaya wa, domin minti goma na jiran bas da azahar ba ƙaramin jarrabawa ba ce. Sashen ƙuna na asibiti ya cika da mutanen da ba wuta ce ta ƙone su ba, faɗuwa kawai suka yi a kan kwalta. Hatta saguwaro, doguwar bishiyar ƙayar nan da aka san Arizona da ita, wadda aka halitta don hamada, an ga wasu suna zubar da rassa, wasu suna kifewa.

Hukumar lafiya ta gundumar Maricopa, inda Phoenix take, ta ƙidaya mutum 645 da zafi ya yi sanadin ajalinsu a wannan shekara. Da yawa marasa matsuguni ne, sai kuma tsofaffi da aka tarar a ɗaki na'urar sanyaya ɗaki ta mutu ko tana kashe. A nan na'urar ba kayan alatu ba ce, kamar ruwan sha take. Don haka ɗan'uwa mai shirin kama haya, ka sani dokar birni ta wajabta wa mai gida ya tabbatar na'urar tana iya sauko da ɗaki zuwa digiri 28. In ta lalace kada ka yi kara, ka sanar da shi a rubuce ranar nan, ka tafi laburare ko ɗaya daga wuraren shan sanyi da ake buɗewa kyauta. Kawaicin da muka gada bai da amfani a wannan wuri.

Ranar 31 ga Yuli ma'auni ya tsaya a digiri 42, sai ga maƙwabta suna yi wa juna barka wai an samu sauƙi. A 2024 kuma aka jera kwana 113 zafi yana kaiwa digiri 38 ko fiye, tun daga ƙarshen Mayu har tsakiyar Satumba.