Mu San Garuruwanmu: Washa

 Yau za mu yi magana a kan garin Washa: ƙasarsa, tarihinsa da jama'arsa. Ku karanta sannu a hankali.

Ina Washa take?

Washa tana cikin gundumar Magarya, a jihar Damagaram. In kana Magarya, tana arewa maso gabas da kai. In kana Damagaram, tana kudu maso gabas. Dungas kuwa tana kudu da ita.

Ƙasar iri biyu ce. Akwai jigawa, inda ake noman hatsi da dawa da wake da gujiya da damina. Akwai kuma fadama, a kwarin Korama, inda ruwa yake kusa. Nan ne ake yin garake da rani, ana samun rake da rogo da kayan miya.

Tarihinta

Washa tsohuwar sarauta ce. Ita da Mirya da Dungas ana kiran su ƙasashen Sosebaki. Magabata sun ce asalin sarakunansu daga Barno ne, kuma Barno suke bi a da. A ƙarni na 19 Damagaram ta yi ƙarfi, musamman a zamanin Sarki Tanimu, ƙasashen nan suka koma ƙarƙashinta. A shekarar 1899 Faransawa suka kama Damagaram. Daga baya suka shata iyaka da Turawan Ingila, Washa ta faɗo ɓangaren Nijar. Ƙasarmu ta samu mulkin kai a 1960. A 2011 aka cire Dungas daga Magarya, ta zama gunduma mai zaman kanta. Washa ta zauna cikin Magarya.

Jama'arta

Yawancin mutanen yankin Hausawa ne manoma. Akwai Fulani makiyaya, akwai Barebari.

Yanzu ku dubi lissafi. A ƙidayar 1977, mutanen Nijar duka sun ɗan wuce miliyan 5. A ƙidayar 2012 sun kai miliyan 17. A wannan ƙidaya, Magarya da Dungas kaɗai sun haura mutum dubu 900.

Mutane suna ƙaruwa, amma gona ba ta ƙaruwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki da yawa ne suke raba ta. Ba a barin ta ta huta kamar da. In ba a kula ba, ƙasa za ta gaji, iska ta kwashe ta.

Manoman yankin sun samo dabara. Tun bayan farin 1984 suka ƙara himma wajen barin ƙananan itatuwa a gona, musamman gawo. Ana kiran wannan sassaben zamani. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen yana zama taki, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne. In ka ga ɗan gawo a gonarka, kada ka sare shi.

Aikin gida

Ɗauki littafinka. Rubuta sunan garinku. Tambayi tsofaffi: wa ya kafa shi? Daga ina ya zo? Mutum nawa suke ci daga gonar gidanku? Gawo nawa ne a cikinta? Ka kawo amsa wajen malaminku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.