Tsohon Gidan Mai Da Rijiyar Maƙwabta

Idan gidan mai ya daina aiki, akan cire famfo, a kwashe kwanon rufi, a rufe ƙofa. Amma manyan tankunan ƙarfe da aka binne a ƙasa sau da yawa nan ake barinsu. A kwana a tashi tsatsa ta cinye tanki ya huje. Ragowar fetur da kananzir su riƙa tsiyaya cikin ƙasa ba wanda ya sani.

Man yakan bi ta cikin rairayi har ya kai ga ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, wato ruwan da rijiyoyi ke samu. Fetur bai kai ruwa nauyi ba, don haka sai ya kwanta a samansa. Amma akwai wani sinadari a cikinsa mai suna binzin, wanda ke narkewa ya bi ruwa zuwa rijiyar maƙwabta. Wanda ya daɗe yana shansa yana iya kamuwa da sankarar jini.

Abin ba ƙarami ba ne. A Amurka, tun bayan dokar 1984, an gano yoyon irin waɗannan tankuna fiye da 500,000. A nan Nijeriya kuwa, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya nuna binzin da ke cikin rijiyoyin Ogale a Jihar Ribas ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Can kusa da bututun mai abin ya faru, amma gubar iri ɗaya ce.

To, yaya ake gyara? Da farko a zuƙe tankin, a fitar da tururin cikinsa don kada ya kama da wuta, sannan a tono shi. Sai a kwashe ƙasar da ta jiƙe da mai, a shimfiɗa ta a kan leda mai kauri. A zuba mata taki, a yayyafa ruwa, a riƙa juya ta kamar ana kaftu. Akwai ƙwayoyin halitta a cikin ƙasa waɗanda ido ba ya gani, su ne ke cinye man idan sun samu iska da laima. Cikin watanni ƙasar takan farfaɗo. Inda gini ya hana tono, akan kafa bututu a sa inji ya zuƙo tururin man.

Ruwa shi ne mai wuyar sha'ani. Ana haƙa ƙananan rijiyoyi kewaye da wurin don a gane inda man ya nufa. A kwashe wanda ke yawo a sama, a jawo ruwan da inji a tace shi ta cikin wani gawayi na musamman. Wannan aiki yakan ci shekaru da kuɗi masu yawa. Shi ya sa mai niyyar sayen irin wannan fili ya kamata ya sa a gwada ƙasarsa kafin ya biya.

Idan ruwan rijiya ya fara warin fetur, ko aka ga maiƙo mai launi-launi a samansa, a daina sha, a daina girki da shi, kada a ba dabbobi. Tafasawa ba mafita ba ce, domin tururin ma guba ne. Kada kowa ya shiga rijiyar da sunan yasa, kada a leƙa ta da fitilar kwai ko ashana. Mai unguwa ya kai rahoto ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ko ma'aikatar muhalli ta jiha, ko hukumar NOSDRA da aka kafa a 2006 don kula da malalar mai.