Ƙananan Raunukan Shimfiɗar Aure: Daga Ina Suke, Kuma Yaya Ake Jinyarsu?

Masu sayar da magani a kemis sun san irin wannan mai sayayya. Yakan raɓe a gefe har sai mutane sun ragu, sannan ya matso ya sassauta murya ya ce a ba shi "man ƙaiƙayi", ko ya ce wani abokinsa ne ya aiko shi. Mace kuwa sau da yawa ba ta ma zuwa. Ƙawa take tambaya, ko ta aika wurin mai kayan mata. Abin da ke damunsu bai taka kara ya karya ba: 'yar tsagewa a fatar gaba, saɓulewa, yakushi, ko tabo a wuya, da aka samu a shimfiɗar aure. Irin wannan rauni kan warke da kansa cikin 'yan kwanaki idan aka ƙyale shi. Ƙyalewar ce ke wa mutane wuya.

Fatar bakin farji da ta cikinsa siririya ce, kuma cike take da ƙananan jijiyoyin jini. Shi ya sa take saurin tsagewa, shi ya sa kuma take saurin haɗewa. Wurin da ya fi tsagewa shi ne gefen ƙasa, wanda ke fuskantar dubura. Mace takan gane ne idan ta je fitsari ko tsarki ta ji raɗaɗi, ko ta ga ɗigon jini kaɗan a kamfai. Abubuwa biyu ne ke kan gaba wajen jawo wannan: bushewa da gaggawa.

Bushewa ba laifin kowa ba ce, ba kuma alamar rashin so ba ce, ko da yake an sha ɗora wa mata wannan zargi. Akwai sinadarin istrojin da jikin mace ke samarwa, shi ke sa fatar wurin ta yi kauri da laushi da danshi. Yana raguwa sosai ga mai jego da mai shayarwa, yana kuma raguwa idan mace ta kai shekarun daina al'ada, wanda yawanci kan zo tsakanin shekara 45 zuwa 55. Don haka matar da ta yi arba'in, jini ya ɗauke, ta koma ɗakin miji, tana iya jin zafin da ba ta saba ji ba, alhali babu wata cuta a tare da ita. Idan an yi mata ɗinki wurin haihuwa, tabon kan ɗauki makonni yana ciwo. Wasu magungunan mura da atishawa ma suna busar da jiki, haka wasu allurai da ƙwayoyin tazarar haihuwa. Tsoro da gajiya su ma suna da nasu rabon, musamman ga amarya a kwanakin farko.

Sai bushewar da ake saya da kuɗi. Kasuwar maganin matsi ta bunƙasa, daga masu talla gida-gida har zuwa shafukan Facebook da TikTok. A ciki akwai alif, farin dutsen nan da ake jefawa a ruwa don laka ta kwanta, akwai ruwan bagaruwa, da garin kanumfari, da haɗe-haɗen da mai sayarwa ita kanta ba za ta iya lissafa abin da ke ciki ba, da yawa kuma babu lambar rajistar NAFDAC a jikinsu. Aikin alif da bagaruwa shi ne su tsotse ruwa su takure fata na ɗan lokaci. Takurewar nan ake kira matsi. A gaskiya fata ce ta bushe ta kumbura, kuma da an goge ta sai ta tsage. Mace ta sayi abu don ta faranta wa miji, ta ƙare da raɗaɗi, sai ta koma ta sayi wani don maganin raɗaɗin. Masu bincike a ƙasashen kudancin Afirka, irin su Zambiya da Zimbabuwe, sun daɗe suna jan hankali kan al'adar busar da farji, saboda kowace tsagewa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, har da HIV. Ban da haka, cikin farji yana da nasa tsari: akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke riƙe wurin da ɗan tsami, ma'auninsa tsakanin 3.8 zuwa 4.5, tsamin nan ne ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. Cusa sabulu, turare ko gari yana rusa wannan tsari, daga nan sai ciwon sanyi ya samu wuri.

Maza ma ba su tsira ba. Doguwar gogayya ba tare da danshi ba tana saɓule fatar azzakari, ta yi ja tana zafi. Maganin ƙarfin maza da feshin da ke kashe jin jiki don a jinkirta sun ƙara dagula lamarin, domin mutum ba ya jin zafin da ya kamata ya tsayar da shi, sai bayan an gama ya tarar da rauni, ita ma matar ta tarar da nata.

Rigakafin ba shi da tsada. Na farko shi ne lokaci: jikin mace na buƙatar wasa da natsuwa kafin ya shirya, abin da malamai ma ke kwaɗaitarwa a darussan zamantakewar aure. Na biyu man santsi, wanda ake samu a manyan kemis, irin K-Y Jelly da makamantansa masu tushen ruwa. Babu abin kunya a sayensa, kuma ga mai shayarwa ko wadda ta manyanta, shi ne abin da ma'aikatan lafiya kan fara ba da shawara a kai. Sai dai a kula: man basilin, man jarirai, man kwakwa da man kaɗanya suna lalata robar kwaroron roba har ya fashe, don haka mai amfani da kwaroro ya nisance su. Miyau kuma saurin bushewa yake. Sauran ƙananan abubuwa ne: yanke farce da goge bakinsa, cire zobe mai kaifi, da sanin cewa gemun da aka aske kwana biyu da suka wuce yana kankare fuska da wuya kamar soson ƙarfe. Idan ɗaya ya ce akwai zafi, a dakata.

To idan raunin ya riga ya faru fa? A wanke da ruwa mai tsabta, mai ɗan ɗumi, a tsane da ƙyalle mai laushi ba tare da gogewa ba. Zama cikin ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, yana rage raɗaɗi, haka ma zuba ruwa a wurin yayin fitsari. A sa kamfan auduga mara matsewa, a sha farasitamol idan akwai ciwo, a kuma huta da saduwa har sai an warke sarai, domin komawa da wuri shi ke sake buɗe tsagewar a wuri guda har ta zama ciwon kullum. Abin da ba a so a al'aura shi ne Dettol, sifirit, aidin, man zafi da man goge baki. Ƙona fatar suke yi. Akwai kuma man nan mai haɗin magani uku da ake miƙa wa kowa a kemis. A cikinsa akwai sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, wanda idan aka daɗe ana shafawa yake sirantar da fata ta riƙa tsagewa da ɗan abu kaɗan. Masu shafa man bilicin ma suna fuskantar wannan.

Tabon wuya da kan biyo bayan tsotsa jini ne kawai ya taru a ƙarƙashin fata bayan ƙananan jijiyoyi sun fashe. A kwana ɗaya ko biyu na farko a ɗora ƙanƙara da aka naɗe a ƙyalle na minti 10, bayan nan a koma ruwan ɗumi. Zai rikiɗe daga ja zuwa duhu, ya ɓace cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kankare shi da cokali ko kwabo ƙara shi yake yi. Gefen wuya, inda babbar jijiyar jini ke wucewa zuwa ƙwaƙwalwa, ba wurin matsawa da ƙarfi ba ne: a shekarar 2010 wata mujallar likitoci a ƙasar Niyu Zilan ta wallafa labarin wata mata mai shekara 44 da hannunta ya shanye na ɗan lokaci bayan irin wannan tabo ya raunata jijiyar. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma ya faru.

Cizon da ya huda fata shi ne ake rainawa alhali ya fi sauran haɗari, saboda bakin ɗan Adam cike yake da ƙwayoyin cuta. A wanke shi nan take da sabulu da ruwa mai gudu na kamar minti 5, a rufe da bandeji mai tsabta, a nuna wa ma'aikacin lafiya, domin yana iya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus.

Akwai inda jinyar gida take ƙarewa. Jinin da bai tsaya ba bayan an danne wurin minti 10, ko yake zuba da yawa, na asibiti ne a daren. Haka namijin da ya ji ƙara a gabansa lokacin saduwa, ya biyo da kumburi da zafi mai tsanani. Wannan tiyata yake buƙata cikin gaggawa. Kumburi, mugunya, wari ko zazzaɓi alamun rauni ya kamu ne. Raunin da ya wuce mako bai warke ba, ko yake ta dawowa, yana iya zama ciwon sanyi, ko alamar ciwon suga, wanda kan sa fata ta riƙa tsattsagewa. Ƙananan ƙuraje masu ruwa da ke fashewa, ko gyambo guda mara zafi, ba gogayya ce ta kawo su ba; cututtukan da ake ɗauka ta saduwa ne, kuma miji da mata ake dubawa tare. Jini bayan kowace saduwa, ko bayan mace ta daina al'ada, yana buƙatar a duba bakin mahaifa, saboda yana cikin alamun farko na cutar daji a wurin.

Amaryar da ke kukan zafi ba wanzami take buƙata ba. Yankan gishirin da wanzamai ke yi ya jefa mata da yawa cikin yoyon fitsari. Raunin da aka yi wa mace da ƙarfin tsiya kuma ba ya cikin "ƙananan raunuka", ko wane ne ya yi shi. Akwai cibiyoyi irin Waraka a Kano da Salama a Kaduna da ke karɓar irin waɗannan mata cikin sirri. Duk wanda ke fargabar ya haɗu da HIV ta hanyar rauni, ya isa asibiti kafin awa 72 su cika, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya yake aiki.